Yashi Mai Araha Da Kankare Mai Tsada

ABUJA — A watan Fabrairu na shekarar 2024, sa'ad da farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu sassa na ƙasar nan, Gwamnatin Tarayya ta gayyaci manyan kamfanonin da ke sarrafa shi zuwa wani taro a Abuja, aka tashi da sanarwar cewa za a riƙa sayar da buhu tsakanin Naira 7,000 da Naira 8,000. A cikin waɗannan makonni 'yan kwangila da masu gidajen bulo da dillalan kayan gini ba su da wata hira sai ta kuɗin buhu. Ba mu ji wanda ya kira taro a kan yashi ba. Alhali kuwa yashi da tsakuwa su ne ke cike kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na jikin kowane kankare, kuma irinsu ne ke yanke yawan simintin da aiki zai ci, da ƙarfin da mai gini zai samu daga kowane buhun da ya biya.

Dalilin haka yana cikin wani awo da ba a rubuta shi a rasidi. A kasuwa ana sayen siminti da buhu, yashi da tifa, tsakuwa da tan, watau awon nauyi ko na cika. Amma da zarar an haɗa su an zuba ruwa, abin da kwaɓin yake lissafi da shi shi ne faɗin jikin ƙwayoyin, watau jimlar fatar da ke bayan kowace ƙwayar yashi da ta tsakuwa da ta siminti, wadda tilas ruwa ya jiƙa, tilas kuma kunun siminti ya lulluɓe. Tifa biyu suna iya zuwa da nauyi ɗaya da farashi ɗaya, amma faɗin jikin abin da ke cikin ɗaya ya ninka na ɗayar sau biyar ko fiye.

Mai tsire ya san wannan lissafi ko da bai taɓa jin sunansa ba. Kilo ɗaya na nama idan aka bar shi tsoka guda, ƙuli kaɗan ya ishe shi. Idan aka yanyanka shi fale-fale domin a soke a tsinke, naman bai ƙaru ba, amma ƙulin da zai ci ya ninninka, domin kowane yanka ya buɗe sabuwar fuska da ke jiran a barbaɗa mata. Haka dutse yake. A ɗauki ɗan dutse mai siffar ƙwayar sukarin kwali, tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kowanne santimita 1. Fuskokinsa shida ne, faɗinsu murabba'in santimita 6. In aka farfasa shi zuwa ƙanana irinsa masu milimita 1, za a sami guda 1,000, faɗin jikinsu kuma ya koma murabba'in santimita 60. Ƙa'idar ke nan: duk sa'ad da girman ƙwaya ya ragu da rabi, faɗin jikin kilo ɗaya nata yakan ninka biyu.

Idan aka bi wannan ƙa'ida da nauyin dutse na yau da kullum, kilo ɗaya na tsakuwa mai milimita 20 faɗin jikinsa bai fi na shafin jarida ɗaya ba. Kilo ɗaya na yashi mai kaushi, mai ƙwayar milimita 1, ya ɗara murabba'in mita 2. Kilo ɗaya na rairayi mai laushi, wanda ƙwayarsa ba ta kai kashi ɗaya bisa shida na milimita ba, ya kai murabba'in mita 15, faɗin ɗakin kwana ke nan. Shi kuwa siminti, galibi tsakanin murabba'in mita 300 ne da 400 a kowane kilo. Watau da za a shimfiɗa fatar ƙwayoyin da ke cikin buhu ɗaya mai kilo 50, da ta rufe filin ƙwallon ƙafa biyu da ɗoriya.

Inda ruwa ya shigo

Kafin a ga inda kuɗi ke zurarewa, sai an fahimci aikin ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ba irin ta laka a rana. Haɗuwa yake yi da ruwa ya rikiɗe ya zama sabon dutse, shi ya sa yake kamawa ko da a ƙarƙashin ruwa ne. Abin da yake haɗiyewa bai wuce rubu'in nauyinsa ba, kimanin lita 12 ga buhu, in kuma aka haɗa da wanda ke maƙalewa a cikin sabon dutsen sai ya kai wajen lita 20. Duk abin da ya haura haka an zuba shi ne kawai domin kwaɓin ya yi laushi ya zubu. Wannan rara daga baya ƙafewa take yi, ta bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, rami kuwa ba ya ɗaukar nauyi, sai dai ya zama hanyar da damshi zai bi ya tarar da rodi.

Tun a shekarar 1918 wani injiniya Ba'amurke, Duff Abrams, ya tabbatar a birnin Chicago, bayan dubban gwaje-gwaje, cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka zuba wa kowane awo na siminti ne. Jadawalin da Cibiyar Kankare ta Amurka ke amfani da shi wajen tsara haɗi ya nuna girman abin. Idan aka ba buhu lita 25, ana sa ran ƙarfin da ya kai wajen 33 bayan kwana 28, a irin ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhu. Idan aka ba shi lita 35, ƙarfin yakan sauko zuwa wajen 20. Lita goma, rabin jarkar mai ga-ruwa, ta tafi da fiye da sulusin ƙarfin ginin, alhali simintin da aka biya bai ragu da ko cokali ɗaya ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda ake zuba rufin bene ya san yadda abin ke faruwa. An kawo yashi mai laushi ko mai laka. An auna kamar kullum, buhu ɗaya, baro kaza na yashi, baro kaza na tsakuwa. Sai kwaɓin ya fito da tauri, domin ruwan da a jiya ya isa ya jiƙa komai har ya yi saura, a yau faɗin jikin yashin ya shanye shi. Leburori suna jere da kwanoni a ka, rana tana yi, birkila yana kira daga sama cewa kayan ba ya shiga tsakanin rodi. Mai kula da inji ba zai buɗe sabon buhu ba, domin buhunan ƙidayayyu ne. Bokiti zai ɗauka ya nufi duro. Ba mugunta ba ce, kuma ba a kiran ta sata, amma sakamakon daidai yake da na wanda ya karkatar da siminti. Mai aikin da ya san ciwon kansa zai ce in za a ƙara ruwa a ƙara siminti daidai da shi, sai ƙarfin ya tsaya, kuɗin ya hau. Ko ta wace hanya aka bi, rangwamen da aka samu wajen mai tifa an biya shi, ko dai a shagon siminti yau, ko a jikin ginin nan gaba.

Tsakuwa

Lissafin tsakuwa ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi saurin komawa Naira. Jadawalin nan na Amurka ya nuna cewa domin a sami kwaɓi mai matsakaicin laushi, kubik mita ɗaya na kankare yana bukatar ruwa lita 228 idan babbar tsakuwar cikinsa ba ta wuce kimanin milimita 10 ba, lita 205 idan ta kai kimanin 20, lita 181 idan ta kusa 40. Tunda ƙarfi yana bin rabon ruwa da siminti, kowace lita biyu ta ruwa da aka rage tana rage kilo huɗu na siminti a haɗin da ake ba buhu lita 25. Daga tsakuwar milimita 10 zuwa ta 20, an tsira da kilo 46, kusan buhu guda a kowace kubik mita. Rufin da ya ci kubik mita 30, buhu 28 ke nan. A farashin Naira 10,000 na farkon 2024, wannan Naira 280,000 ce, daga zaɓin da aka yi a bakin kwari kafin a loda mota.

Sai dai ba a ɗaukar babbar tsakuwa kara zube. Ƙa'idar aiki ita ce kada ta wuce kashi uku bisa huɗu na ratar da ke tsakanin rodi da rodi, kada kuma ta wuce sulusin kaurin rufin, in ba haka ba sai ta toshe a sama ta bar kogo a ƙasa. Siffa ma tana da nata hukunci. Fasasshen dutsen da ake samu daga kwari irin na Mpape yana da kusurwoyi da kaushi, saboda haka faɗin jikinsa ya fi na tsakuwar rafi mai santsi, kuma tsarin haɗi na Ingila yana ba shi ƙarin ruwa kimanin lita 30 a kubik mita. Amma kaushin nan shi ne ke sa siminti ya riƙe shi gam, sai ya rama wani ɓangare na abin da ya ci. Wanda ba ya ramawa shi ne dutsen da ya fito fale-fale kamar ɓawon gyaɗa, alamar injin fasawa ya gaji, da kuma wanda ƙura ta lulluɓe, domin a nan simintin ƙurar yake kamawa, dutsen yana zaune a sake.

Yashi da abin da ke ɓoye a cikinsa

A yashi ne asarar ta fi yawa, domin a nan ne faɗin jiki ya taru, a nan ne kuma ba a cika dubawa ba. Tan ɗaya na yashi mai ƙwayar rabin milimita yana da faɗin jiki kimanin murabba'in mita 4,500. Yumɓu kuwa, ko da irin wanda ba ya kumbura ne, giram ɗaya nasa yana da murabba'in mita 10 zuwa 20. Ke nan idan kashi 1 cikin ɗari kacal na wannan tan yumɓu ne, watau kilo 10, faɗin jikinsa ya ninka na sauran yashin gaba ɗaya fiye da sau ashirin. Irin yumɓun da ke kumbura da damina ya tsattsage da rani, kamar na baƙar ƙasar firgi ta yankin Tafkin Chadi, nasa faɗin ya kai ɗaruruwan murabba'in mita a giram. Wannan ne ya sa ƙa'idar Amurka ta yashin kankare ta taƙaita ƙurar da ke wuce mafi ƙanƙantar rariya zuwa kashi 3 cikin ɗari a inda za a riƙa taka kankaren ana goge shi, kashi 5 a sauran wurare.

Matsalar tana da lokacinta. Da rani, sa'ad da koguna irin su Kaduna da Challawa suka ja baya, ana samun yashin da ruwa ya wanke ya tace. Da damina koguna sun cika, masu tifa sukan koma ramuka da kwazazzabai da gefen hanya, inda yashi ke cuɗe da jar ƙasa, kuma a daidai lokacin ne farashin tifa ke tashi. Watau mai saye yana biyan kuɗi mafi yawa a kan kaya mafi rauni. A Legas, inda ake haƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa, ana bambanta mai kaushi na kankare da mai laushi na filasta, amma can akwai ƙarin damuwar gishiri, wanda ke cin rodi a hankali.

Akwai kuma wata dabara da faɗin jiki ke yi wa mai saye da cika. Yashi mai ɗan damshi kumbura yake yi, domin ruwan da ke kewaye da kowace ƙwaya yana hana ta kwanciya a kan 'yar'uwarta. Damshin kashi 5 cikin ɗari yana iya ƙara cikar yashi da kashi 20 zuwa 30, mai laushi ma ya fi haka. Tifar da ta zo ta yi tozo da ɗanyen yashi, wani kaso na abin da aka biya iska ce. Haka nan baron da aka auna da shi a wurin aiki, yashin cikinsa bai kai yadda aka ɗauka ba, ga kuma ruwan da ya shigo da shi wanda ba wanda ya cire daga lissafi.

Mutum zai iya tambaya, ga tuddan rairayi a Yusufari da sauran arewacin Yobe, ga Sahara gaba ɗaya, me ya sa duniya ke kukan ƙarancin yashi? Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa ana amfani da tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, wani rahotonta na 2014 kuma ya ambaci cewa Dubai, wadda hamada ta kewaye, sai da ta sayo yashin gini daga Ostireliya. Amsar ita ce rairayin da iska ta tara ƙanana ne ƙwarai, kusan dukkansu girma ɗaya, sun kuma goge sun yi santsi. Ƙanƙantar tana jawo shan ruwa, zama girma ɗaya kuma yana barin guraben da sai kunun siminti ne zai cike, kunun siminti kuwa shi ne kaya mafi tsada a cikin haɗin.

Ba a nan gizo ke saƙa kaɗai ba

Kada a fahimci cewa duk abin da ya fi kaushi ya fi kyau. A wannan shekara ta 1918 wani injiniya a Kanada, L. N. Edwards, ya kawo shawarar a riƙa auna siminti kai tsaye bisa faɗin jikin yashi da tsakuwa. Tunanin yana da tushe, amma da aka yi ta gwadawa sai aka ga lissafin yana zuzuta laifin ƙananan ƙwayoyi. Bukatar ruwa tana hawa da faɗin jiki, amma ba ninki da ninki ba, kuma wasu daga cikin ƙananan ƙwayoyin suna shiga tsakanin manya su cike gurbi, har su taimaka kwaɓin ya zame. Haɗin da ba shi da isasshen laushi yakan rabu, tsakuwa ta nutse, ruwa ya taso sama da kunun siminti, in an cire katako a tarar da ginshiƙi ya yi ramuka kamar saƙar zuma. Abin nema shi ne yashi mai kowane girma a cikinsa, daga milimita 5 zuwa ƙasa, matsakaita su cike tsakanin manya, ƙanana su cike tsakanin matsakaita. Wannan ne ya sa wasu masu gidajen bulo ke surka garin dutsen kwari da yashin rafi, kowanne ya rufe giɓin ɗan'uwansa, ko da yake garin dutse shi kaɗai mashayin ruwa ne.

Simintin kansa

A wajen siminti lamarin ya juya, domin a nan faɗin jiki abin saye ne. Ruwa yana cin ƙwayar siminti daga waje zuwa ciki, a hankali ƙwarai, kimanin maikiron 4 a cikin kwana 28, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwayar da ta wuce maikiron 45 za ta daɗe cikinta bai jiƙa ba, an saye ta da kuɗin siminti tana aikin yashi. Kamar itace ne: faskare ya fi gungume saurin kamawa da ba da zafi, ko da nauyinsu ɗaya. Saboda haka kamfanoni suke auna laushin niƙa da wata na'ura da ke tura iska ta cikin garin, wadda R. L. Blaine ya ƙera a Amurka a shekarun 1940, kuma niƙan ƙarshe shi kaɗai yana cin wajen sulusin wutar lantarkin masana'anta. Laushin niƙa yana daga cikin abubuwan da ke raba siminti mai harafin R, mai saurin ƙarfi, da mai harafin N.

Ga ɗan kasuwa saurin ƙarfi jari ne. Mai gidan bulo zai ɗaga kayansa ya sayar da wuri, ɗan kwangila zai kwance katako ya kai shi wani rufin. Amma akwai kuɗin da ake biya. Siminti mai laushi sosai yana fitar da zafinsa da sauri, abin da ke tsaga kankare mai kauri kamar na madatsar ruwa da harsashin gada. Ba ya kuma sakin ruwa zuwa sama da yawa, to idan aka zuba rufi da hunturu, busasshiyar iska tana kwashe damshin fuskar fiye da yadda na ƙasa ke tasowa, kafin la'asar sai a ga tsaga ta bazu kamar ƙasan tafki. Maganinta ba ya da tsada: a rufe da jiƙaƙƙun buhuna da zarar fuskar ta kama, a ci gaba da ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Shi ma dillali abin ya shafe shi, domin fatar nan mai faɗin filin ƙwallo biyu ba ta bambanta ruwan kwaɓi da raɓar sito. Buhun da ya kwana a kan daɓe ko jingine da bango da damina ya fara aikinsa tun kafin a saye shi, kuma wanda ya haura wata uku a ajiye ya cancanci gwaji kafin a sa shi a ginshiƙi.

Yawancin simintin buhu da ke kasuwannin Nijeriya ana niƙa shi ne tare da dutsen farar ƙasa, wanda ƙa'ida ta yarda ya kai har kashi 35 cikin ɗari a wani rukuni. Farar ƙasa ta fi saurin niƙuwa, saboda haka irin wannan siminti yakan nuna laushi mai yawa a na'ura ba tare da hakan yana nufin ƙarfinsa ya ƙaru daidai da laushin ba. A shekarar 2014 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, ta fitar da umurnin cewa mai lamba 32.5 na filasta ne, mai 42.5 na bulo da ginshiƙai da rufi, mai 52.5 na gadoji da manyan ayyuka. Wasu kamfanoni da injiniyoyi suka yi tsaye cewa ba lambar buhu ke rushe gini ba, yadda ake amfani da shi ne. A ganin wannan marubuci, abin da gardamar ba ta fito da shi sosai ba shi ne yadda ake samo lambar kanta. A ɗakin gwaji ana haɗa giram 450 na siminti da giram 1,350 na wani tataccen yashi mai tsararren girma da giram 225 na ruwa, a ajiye cikin ruwa kwana 28, sannan a murƙushe. Lambar alkawari ce bisa wannan yashi da wannan ruwa. Wanda ya ɗauki mai 42.5 ya haɗa shi da yashin kwazazzabo da ruwan bokiti ba tare da awo ba, yana iya samun abin da bai kai na wanda ya ɗauki mai 32.5 ya kiyaye ba. Ƙa'idar bulo ta Nijeriya tana neman ƙarfin 3.45 ne kacal ga bulon da zai ɗauki nauyi, 2.5 ga wanda ba zai ɗauka ba, amma duk wanda ke sayen bulo ya taɓa ganin wanda ke marmashewa wajen sauke shi daga mota.

Masu manyan ayyuka suna da wata mafita. Ƙwayoyin siminti sukan dunƙule a cikin ruwa su kulle wani ɓangarensa a tsakaninsu. A shekarun 1960 aka samar a Japan da Jamus wasu sinadarai na ruwa da ke manne wa jikin ƙwayoyin su warwatsa su, sai kwaɓin ya yi laushi alhali an rage ruwa da kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari. Da su ne ake iya amfani da ƙurar silika, wadda ake tarawa daga hayaƙin tanderun narka silikon, mai faɗin jiki murabba'in mita 15,000 zuwa 30,000 a kilo, wadda ke cike ramukan da siminti ya bari ta ba da kankaren dogayen benaye. Tokar buntun shinkafa, idan an ƙona shi a zafi mai ƙa'ida aka niƙa, tana da silika fiye da kashi 80 cikin ɗari kuma tana irin wannan aiki, abin da ya kamata masu injinan casa a Kura da Argungu da Abakaliki su sa wa ido, tunda kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera buntu ne. Amma su ma sinadaran nan ba su tsira daga yumɓu ba. Sabbin nau'o'insu yumɓu yakan zuƙe su kafin su kai ga siminti, sai a ninka awo, kaya ne kuwa da galibi da kuɗin waje ake sayo su.

Tun daga 2023 Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta karkata ga shimfiɗa hanyoyi da kankare. Kilomita ɗaya ta hanya mai faɗin mita 7.3 da kaurin santimita 20 tana cin kubik mita 1,460. Buhu ɗaya na rara a kowace kubik mita, saboda yashi ko tsakuwar da ba ta dace ba, buhu 1,460 ke nan a kowace kilomita.

Duk da haka farashin tifa a yawancin garuruwanmu yana bin nisa da kuɗin gas ne, ba a cika raba kuɗin wankakken yashi da na mai laka ba, domin masu saye ba su saba tambaya ba. Gwajin farko kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. A damƙi ɗanyen yashin a murza a tafin hannu. In ya dunƙule ko ya bar jan shafi, akwai laka. Na biyu, a sami kwalba mai haske, a zuba yashi zuwa rabi, a ƙara ruwa mai ɗan gishiri har ya rufe shi da 'yan yatsu uku, a girgiza sosai, a ajiye sa'a uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta yi layi a samansa. In kaurin layin ya kusa kashi ɗaya bisa goma na tsayin yashin, wannan kaya sai an wanke, ko a kai ɗakin gwaji, ko a mayar da shi ciko. Direban tifa ba zai jira sa'a uku a bakin aiki ba, saboda haka daga ramin da ake ɗiba ya kamata a ɗauko samfurin kafin a ƙulla ciniki, a kuma sake ɗaukowa duk sa'ad da aka yi ruwa mai ƙarfi ko mai kawowa ya canza rami.